Takalmin Roba da Basilin ɗin Anti Rabi

Birmingham

Ina idar da sallar Asuba na ja ƙofar gidanmu na Selly Oak a hankali, don kada in tashi sauran ɗalibai. Bristol Road shiru, sai motar shara. Na hau bas zuwa cikin gari, daga can na shiga doguwar motar Manchester.

Bari in yi wa na gida bayani. Shekarar da ƙaramar hukuma ta daina buɗe laburaren unguwarmu ranar Asabar, na rasa inda zan sa kaina, sai na shiga ƙungiyar wasan ruwa ta jami'armu. Jirgi mai inji ne ke jan mutum da igiya, yana tsaye a kan dogon allo siriri, ƙafa ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Allon aro nake hawa. Kawu Bashir, abokin babana, likita ne a Manchester kuma yana da nasa, amma tun da aka rage musu ma'aikata aiki ya raba shi da tafki. Ya ce in zo. In na tashi a kan allon, na tsallaka kumfar jirgi na dawo, ya zama nawa. In na kasa, matarsa Anti Rabi ta riga ta yi wa shagon sadaka alkawarinsa.

A hanya

Ana gyaran titi, mota tana rarrafe, ni kuwa ina ta juya magana ɗaya a raina. Takalmi iri biyu ake ɗaura wa allon. Na roba yana matse ƙafa kamar safa, sai an zuba masa ɗan sabulu kafin ƙafa ta shiga, in ka faɗi kuma ya sake ka. Mai tauri kamar ƙoƙo yake, da maɗaurai. Ko ɗan yatsa ka motsa allo zai ji, amma in ba a saita abin da ke sakin ƙafa daidai ba, idon sawu ne zai faɗa maka. Na karanta duk abin da na samu a kansu, har muka wuce Stoke ban tsai da shawara ba.

Manchester

Ƙosai da kunun gyaɗa na tarar. Ban gama ba Kawu ya dire takalman biyu a gabana.

"To Malam Habibu, wanne? Sau ɗaya zan ɗaura, ba zan wuni ina kwance kusoshi ba."

"Kawu, ya danganta da..."

"Ba thesis na tambaye ka ba. Ɗauki mai tauri, shi ne na maza."

Anti ta leƙo daga kicin. "Na mazan ne ya sa na yi ta kai maka ruwan alwala gado. Ɗana, kada ka biye masa."

Jarrabawa na gabana, ba na son zuwa da sanda. Na nuna na roba ba tare da na ɗaga kai ba. Kawu ya yi tsaki ya wuce gareji.

Na cire safa ke nan zan gwada rigar ruwa, Anti ta ga dunduniyata.

"Innalillahi! Habibu, ƙafa ce wannan ko busasshen kifi? Me zan ce wa mahaifiyarka?"

Ta ɗauko basilin, ta tsaya a kaina sai da na shafa har tsakanin yatsu. Ban iya musu da manya ba.

Tafki

Bayan Azahar muka fita wajen gari. Ruwan sanyi kamar ƙanƙara, kuma ja uku kawai aka ba mu, don akwai masu jira. Direbar jirgin wata dattijuwar Baturiya ce. Kawu ya zauna kusa da ita, Anti tana bakin ruwa da filas ɗin shayi.

Ƙafata ta shige takalmi sumul, har na ji daɗi. Na ɗaga murya, jirgi ya ja. Ni na tafi, allo ya tsaya. A ja na biyu na damƙe yatsuna iya ƙarfina, amma ƙafafun suka sake zarewa, na bi jirgi da ciki kamar kada, ina shan ruwa.

Kawu ya jawo ni kan dakalin katako. "Wannan robar ni da kaina sai da kokawa nake fita. Kawo ƙafar." Ya kama, hannunsa ya zame. Ya shinshina tafinsa.

"Rabi! Me kika shafa wa yaron nan?"

"Basilin mana. Da faso zai shiga ruwan mutane?"

Sai a lokacin na gane. Sabulu ruwa ke wanke shi, roba ta kama ƙafa. Basilin kuwa ba ruwansa da ruwa.

"Ke ce ke son allon ya bar gidan, ke ce kuma kika hana shi tafiya!"

"Ai ko ta wace hanya zai bar gidan," in ji Anti, tana kurɓar shayi.

Na zauna gaban Turawa masu layi, ina dirje ƙafa da sabulun wanke kwano, sannan na wanke cikin takalmin. Da ƙasa za ta tsage da na shige. A ja na uku roba ta riƙe ni gam. Na tashi, na tsallaka kumfar, na dawo, sannan na faɗi da fuska. Da na ɗago, Kawu na tsaye cikin jirgi yana kabbara, direba na roƙonsa ya zauna.

Komawa

Direban motar yamma ya dubi allon, ya dube ni, ya tambaya ko na san babu teku a Birmingham. Na ce na sani. Ya tura shi ƙarƙashin mota yana dariya.

Na isa gida lafiya, alhamdulillahi. Na gode wa Kawu da ya cika alkawari, da Anti da ta ciyar da ni. Na kira in ce na sauka, Anti ta ɗauka.

"Allon ma ya isa? Madalla. Kada ka kuskura ya dawo min."

Sai Kawu ya karɓi wayar, ya rage murya.

"Habibu, in na samu hutu, za ka ba ni aro?"