Ranar da 'Yan Aji Biyar Suka Goyi Bayan Kyanwa

Ban taɓa mantawa da Larabar da na kai wa 'yan aji biyar ɓeraye ba, kuma ba na jin za a bar ni in manta. Tunda ku ma an liƙa sunayenku a allon sanarwa, kuna shirin fita gwajin koyarwa, gara ku ji labarin daga bakina kafin ku ji shi a ɗakin kwana da ƙarin gishiri.

Ga wanda bai san tsarin ba, a shekarar ƙarshe ta kwalejin horar da malamai ana tura kowane ɗalibi wata makaranta ya koyar zango guda. Kowane darasi sai ka rubuta shirinsa a littafi, da manufarsa da matakansa da tambayoyin da za ka yi a ƙarshe, hedimasta ya sa hannu. Sannan malami daga kwaleji zai zo duba ka sau biyu. Zai zauna a bayan aji, ya ba ka maki. Idan makin bai kai ba, abokanka su karɓi takardarsu, kai ka jira baɗi ka sake.

Ni an tura ni wata firamare a wani ƙauye gaba da Ɗanzomo, a ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, daidai lokacin kaka. Aka ba ni aji biyar, darasin zamantakewa. Wanda aka ɗora wa duba ni shi ne Dakta Habu, wanda a bayan idonsa muke kira Jan Biro. Zuwansa na farko, a mako na uku, ya zauna minti arba'in bai ɗago kai ba. Da na gama ya miƙo mini littafina. Layi biyu kawai ya rubuta: "Muryarsa ba ta wuce benci na biyu. Babu kayan koyarwa." Makin da ya ba ni kuwa ba zan faɗa ba, don akwai mata a wurin nan.

Murya dai Allah ne ke bayarwa, kuma ni kaɗan ya ba ni. Tun ina firamare in aka ce in yi karatu a gaban aji na baya ba sa jin abin da nake faɗa. Amma kayan koyarwa ana iya nemowa. Sai na ƙudura cewa zuwansa na biyu zai ga abin da bai taɓa gani ba a makarantar ƙauye.

Darasin da zai faɗo a mako na takwas, makon da ake sa ran dawowarsa, shi ne haɗin kai. Na je Maigatari ranar kasuwa na aro kwamfutar yayana, wanda ke yi wa wani ɗan kasuwa aikin rubutu. A cikinta na tarar da wani tsohon katun na Turawa, minti bakwai, ba magana sai kiɗa. Ɓeraye biyu ne da wata ƙatuwar kyanwa a wani gida. Ɗaya ya ja hankalinta da rawa, ɗaya ya zagaya ya ƙulle mata wutsiya a ƙafar tebur. Su buga mata guduma, su rufe ta da tukunya, su kwashe ɗakin ajiyar abinci kaf. A ƙarshe mai gidan ya dawo, ya tarar ba komai, ya fatattaki kyanwar da tsintsiya. Ɓerayen kuma su ɗaura ƙyalle a wuya su zauna cin abinci.

Na ce shi ke nan, ga haɗin kai da ransa. Sau goma sha ɗaya na kalle shi. Na rubuta abin da ke faruwa a kowane minti. Na rubuta manufa da kyakkyawan rubutu: "A ƙarshen darasi, ɗalibai za su iya bayyana yadda haɗin kai ke sa ƙarami ya rinjayi babba." Na rubuta tambayoyi biyar, na kuma rubuta amsoshin da yara za su bayar, har da wanda zai fara ɗaga hannu a zatona. Hedimasta, Malam Sale, ya jujjuya shafukan ya ce, "Malam Sagiru, wannan ai ko gwamna ne zai zo ya isa." Ya sa hannu bai karanta ba, kamar kullum.

A ƙa'ida ba a sanar da ranar zuwan mai duba. Amma 'yan acaɓan tashar Sule Tankarkar sun fi takardar kwaleji saurin kai labari. Tun Talata da la'asar aka gaya mana an ga wani mutum mai jaka da tabarau yana tambayar hanyar ƙauyenmu. Na kai kwamfuta wurin mai cajin waya ta cika fal.

Laraba da ƙarfe goma Dakta Habu ya shigo, ya zauna a bencin ƙarshe kusa da tulun ruwa. Na ɗora kujera a kan tebur, na ɗora kwamfuta a kan kujera, na sa aka rufe tagogi. Yara sun haura hamsin, duk suka matso gaba. Na danna.

Minti biyun farko komai ya tafi daidai da littafina. Ɓera ya yi rawa, aka yi dariya. Kyanwa ta faɗi, aka yi shewa. Na saci kallon Dakta na ga ya ɗago kai. Na ce a raina, yau dai.

A minti na huɗu ɓerayen suka shiga ɗakin ajiya suka fara jidar kaya. Cuku, burodi, cinyar kaza, suna fita da su ɗaya bayan ɗaya. Sai na ji dariyar ta ɗauke. Wani ya yi tsaki. Da aka zo wurin da mai gida ya kori kyanwa, sai wata murya daga tsakiya ta ce, "Kai, wallahi an zalunce ta!" Fim ya ƙare da ɓeraye suna suɗe hannu.

Na sa aka buɗe tagogi, na duba littafina, na karanta tambaya ta ɗaya. "Su wane ne suka burge ku a wannan fim?"

Ba wanda ya ɗaga hannu. Na maimaita. Can sai Hafsatu ta miƙe, wata 'yar siririya da ke zama a gaba, wadda mahaifiyarta ke yin ƙuli-ƙuli.

"Malam, kayan wa suka ɗiba?"

"Na mai gidan."

"Shi ya ba su?"

"A'a."

"To ai ɓarayi ne, Malam."

Ajin ya ɗauka gaba ɗaya, "Ɓarayi ne!" Wannan amsar ba ta cikin littafina. Na ce, "To, amma ba ku lura da yadda suka haɗa kai ba? Ɗaya yana rawa, ɗaya yana ɗaure wutsiya."

Hafsatu ba ta zauna ba. Ta ce, "Malam, ai ɓarayin shanu ma haka suke yi. Ɗaya ya tsare hanya, ɗaya ya kwance."

Daga bencin ƙarshe na ji wani sauti, ban san ko tari ba ne ko wani abu. Ban yarda na waiga ba.

Kafin in sami abin cewa, Isiyaku, babban yaron ajin, wanda gemu ya fara yi masa sallama, ya miƙe ba izini. "Ni dai kyanwar nake ganin laifinta. Dubi cikinta, Malam. Ƙoshi ya yi mata yawa. Tamu ta gida in ta ga ɓera ba ta tsayawa kallon rawa."

"Ƙarya kake, taku kaji take ci!" in ji wani daga gefe.

"Wa ya gani?"

"Kazar Inna Ladi fa?"

"Wannan muzurun gidan liman ne!"

Wata ƙarama ta ɗaga hannu da ladabi ta ce ita tambayarta ɗaya ce, kyanwar da aka buga wa guduma ta baje kamar faifai sannan ta tashi tana tafiya da ƙafa biyu, anya kyanwa ce? Wasu suka fara neman tsari. Aji ya rabu uku, masu cewa an zalunci kyanwa, da masu cewa raguwa ce, da masu cewa ba kyanwa ba ce sam. Ɓeraye kuwa, jaruman darasina, ba su da ko mutum ɗaya.

Malam Sale ya leƙo ta taga, a inda Dakta ba zai gan shi ba, yana nuna mini littafi da yatsa yana zare ido, wai in koma kan shiri. Na dubi shirin. Tambaya ta biyu cewa take, "Wane darasi za mu koya daga ɓerayen nan?" Na san in na karanta ta, har iyayensu sai sun ji labari. In kuma na bar shirin, ƙa'ida ta ce mai duba yana auna ka ne da abin da ka rubuta. Minti ashirin suka rage, da shekara guda ta rayuwata.

Ban san lokacin da na buga tebur ba. "Ya isa!" Ni kaina na tsorata da muryar. Ajin ya yi tsit, wata akuya da ke bakin ƙofa ta juya ta fita.

Na rufe littafin na ce, "Na ji, ɓarayi ne. To a gidan nan, su wa ya kamata su haɗa kai ba su haɗa ba?"

Suka dubi juna. Isiyaku ya ce, "Mai gidan da kyanwarsa."

"Me mai gidan ya kasa yi?"

Nan fa hannuwa suka tashi kamar karan dawa. "Ramin, Malam! Rami a jikin bango ƙato, har da baka kamar ƙofar masallaci, kullum yana wucewa bai toshe ba!" Wani ya ce ya bar abinci a buɗe. Wani ya ce ba tarko ko ɗaya a gidan. Wata ta ce ya bar wa kyanwa aikin duka ya tafi yawo, sannan ya dawo yana dukanta, kamar wani kawunta.

Na ɗauki alli na ce, "A gidajenku yaya ake yi? Ɗaya bayan ɗaya, kuma kowa ya faɗi wanda ke yin aikin."

Sai ga darasi yana zuba. Baba ke ɗora rumbu a kan duwatsu don kada ya taɓa ƙasa. Yara ke share ciyawa da kara daga gindinsa. Inna ke rufe tukwane ta kife ƙwarya. Yaya ke ɗana tarko da ɗan ƙuli. Rami kuma, in ji Hafsatu, ba a toshe shi da laka zalla, sai an cuɗa ta da fasasshiyar kwalba, in ba haka ba kafin kwana biyu sun sake buɗewa. Wani ya ce in gida ɗaya ya yi maƙwabta ba su yi ba, aikin banza ne, ɓerayen ƙaura kawai za su yi su dawo, shi ya sa a unguwarsu rana ɗaya ake sa wa kowa. Na rubuta har allo ya cika, na koma gefen bango. Ana buga ƙarfen tashi ba wanda ya motsa, don ana gardama a kan ko toka tana korar ɓera ko ƙwari kawai take kora.

Bayan an fita, Dakta Habu ya kira ni gindin darbejiya. Ya buɗe littafina, ya zare jan biron, ya ja layi a kan manufata tun daga farko har ƙarshe.

"Ba a cimma wannan ba," in ji shi.

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Kai ɗan ina ne?"

"Gumel, cikin gari."

"Mahaifinka me yake yi?"

"Tela ne."

"Kuna da rumbu?"

"A'a, awo muke yi a kasuwa."

"Na ga alama." Ya sa bakin biro a kan wani ɗan gurbi da ke saman shafin, wanda ake rubuta abin da ɗalibai suka riga suka sani. "Karanta mini abin da ka sa a nan."

Na karanta, "Ɗalibai sun saba ganin dabbobin gida."

"Sun saba gani," ya maimaita. "Yaran da ɓera ke cin tuwonsu tun yana zangarniya. Ka kawo musu ɓarawon gero da kaka, ka ce su tafa masa. Da iyayensu ka nuna wa, da sai mun zo belinka." Ya yi rubutu, ya rufe littafin ya miƙo mini. "Minti ashirin na farko ka koyar da takarda. Na biyun ka koyar da yara. Na biyun na ba maki. Ka wuce, amma ba da nisa ba."

Na durƙusa ina godiya, shi kuwa hankalinsa na wani wuri. Ya ƙwala wa Hafsatu kira, ta zo tana ɓoye hannu a hijabi, ta ɗauka laifi ta yi.

"'Yata, kwalbar nan, dakawa ake yi ko farfasawa kawai?"

"Farfasawa, Baba. In ta yi gari ba ta aiki."

Ya ciro wata 'yar takarda ya rubuta. Ya lura ina kallonsa, sai ya ce, "Ɓeraye sun cinye mini babi biyu na wani bincike a ofis. Ka riƙe bakinka." Ga shi na riƙe shekara guda, ina ganin na yi ƙoƙari.

Abin da na ɗauko daga ranar ba shi da yawa. Wannan ɗan gurbin na abin da ɗalibai suka riga suka sani, dukkanmu kwafarsa muke yi daga littafin na gaba da mu, layi ɗaya, don mu wuce zuwa inda za mu nuna gwaninta. Alhali shi ne wuri ɗaya a shafin da ba a iya cikewa daga ɗakin karatu. In an kai ku ƙauye, kafin ku rubuta manufa, ku zaga bayan gidaje ku ga abin da mutane ke tsaro da abin da suke tsoro. Yaran da za a ba ku ba su iya rubuta sunan ɓera daidai ba, wasunsu ma ba su iya rubuta nasu ba. Amma sun san wanda ya ci, sun san wanda ya noma, kuma ba malamin da ya isa ya sa su tafa wa na farkon.