Hawainiya a Akwatin Fanke

Daminar da aka ba mu jihar Kebbi babu wanda ya iya zama wuri guda a gidanmu na Bagudo. Rediyon Baba ba ya yin shiru sai batir ya mutu, maza na shiga zaure suna fita, kowa da labarin ma'aikatan da za a maido daga Sakkwato. Ni ina 'yar shekara goma, ban san me ake nufi da jiha ba, kuma har yau karatuna bai wuce na allo da aji uku ba. Amma Allah ya ba ni kunne. Ko a bayan zana aka yi raɗa sai ta iso ni. Da kunnen nan na ji abin da ya hana ni sukuni: an maido Baffa Umaru, ƙanin Baba, Birnin Kebbi da aikinsa na masinja, ya sami ɗaki biyu, kuma zai zo ya tafi da Inno a duba mata ido.

Inno kakarmu ce, mahaifiyar su Baba. 'Yar ƙauyen Geza ce, kuma da ƙuruciyarta ta sha ɗaukar daddawa ta ƙetare Kwara zuwa kasuwannin da har ta rasu take kira na Dahome. Yanar ido ta rufe mata idanu tun ina ƙarama, sai dai bakinta bai tsufa ba. Idan an yi magariba an ci tuwo, ba a kashe wutar ɗakin girki, don hayaƙin yana korar sauro. Nan muke taruwa mu yaran gida, ruwa na ɗiga daga jinka, masara na gasuwa a kan garwashi, Inno a kan 'yar kujerarta ta miƙe ƙafafu. Ina tuna cewa za a ɗauke kujerar nan daga bakin murhu sai in ture kwanon tuwo. Na daina cin abinci sosai. In zauna, in tashi, in leƙa zaure in dawo, har Inna, mahaifiyata, ta ce ko ƙaiƙayi na taka.

Cikin wannan hali na tsinci hawainiya a kan ramar bayan gida. Koriya shar, tana tafiyar nan tata kamar mai shawara da ƙafarta kafin ta ɗaga. Inna ta ce in jefar da ita bayan danga, ba abin riƙewa ba ce. Ni kuwa ina neman abin da zan riƙe wanda ba wanda zai zo ya ɗauke. Sai na nufi maƙwabciyarmu Maman Uche, 'yar kudu mai toya fanke a bakin hanya, don na ga ta jingine tsohon akwatin gilashinta da ya tsage a gefe ɗaya. Da ta ji abin da zan saka ciki sai da ta yi dariya har ta dafa gwiwa, ta ce mutane na saka abin ci a akwatin nan, ni zan saka abin gudu. Ta wanke shi da toka ta ba ni, ta ce in dabbar ta haihu ita ba ta son rabo.

Na yi wa akwatin aiki irin na mai gyaran ɗakin baƙo. Na zuba tsakuwa a ƙasa, na ɗora baƙar ƙasa daga bakin rijiya, na dasa ɗan zogale da tafasa biyu da ciyawa, na gitta busasshen reshe, na ajiye ruwa a murfin gwangwani. Sannan na kai shi can ƙuryar ɗakin Inno inda Inna ba za ta gani ba. Da na ga wurin da duhu sai na ɗauko fitilar ƙwai na kunna a gefensa, rana tsaka. A tunanina haske haske ne. Kwana uku ina satar kananzir, ina kamo fara ina jefa mata. Ba ta ci ba, ba ta taɓa ruwan ba, ta koma launin toka, tafasar kuma ta yi tsawo ta yi fari ta langaɓe.

Rana ta huɗu na ce to rana take so. Na ɗauki akwatin na girke shi tsakiyar gida, ƙofarsa a rufe, na tafi aike. Ina dawowa na tarar gilashin ya yi gumi daga ciki, ganye ya kwanta, hawainiyar ta yi baƙi ƙirin ta faɗo daga reshe baki a buɗe. Na ja akwatin inuwa ina kuka. Kuma ranar ce Baffa Umaru ya sauka, da la'asar, da jakarsa da sabon takalmi. Na gaishe shi ba tare da na dube shi ba.

Da magaribar nan muka taru a ɗakin girki kamar kullum, sai dai ni na kasa zama. Baffa ya jawo turmi ya zauna a bakin ƙofa, wai ya yi kewar hayaƙin gida. Inno ta juyo da fuskarta inda nake ta ce, “Ige, zamna. Tun ɗazu nike jin ƙahwarki kamar akuyar da anka ɗaure sabon turke. Kuma kwana ukku ɗakina na warin kananzir da rana, kin aza hancina ma ya makance?” Yara suka fashe da dariya. Na zauna.

Inno ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Takan ce, “Ga baƙuwa nan tahe, ku matsa mata.” Mu kuma mu ce mun matsa, ta zauna ta sha ruwa.

Ta ce a wani gari can ƙetaren gulbi an yi wani marini da ya gaji da shuɗi. Shekara da shekaru hannunsa a baba, ba ya fitar da komai sai shuɗi da baƙi. Ran nan ya ga hawainiya a kan danga tana sauya launi bakwai kafin ya gama alwala, sai ya ce wannan ita ce malamata, ya ɗauke ta da girmamawa ya kai gida. To shi marini abin da ya sani shi ne rana tana cin launi. Saboda haka ya gina mata ɗaki ba taga, kamar inda yake ajiye rinannun zannuwa, ya kunna mata fitilun man kaɗe, ya ajiye mata ruwa a tasar tagulla. Hawainiya ta koma fari fat kamar sawayen da ba a rina ba. Hankalinsa ya tashi, ya je wurin abokinsa maƙeri. Shi kuma maƙeri abin da ya sani shi ne ƙarfe ba ya yin ja sai ya sha wuta, don haka ya ce a ɗora ta a kan falalen dutse da tsakar rana a kife ta da tasa. Ta yi baƙi kamar gawayi, saura kaɗan ta mutu.

Ina jin haka na sunkuyar da kai, kunnena na zafi. Inno ta juya masara da yatsa, ba ta ko tsoron garwashi, ta ci gaba.

Ta ce akwai wata tsohuwa mai sayar da toka da ke kawo wa marinin kaya. Ita ta tambaye shi ko ya taɓa tambayar baƙuwar tasa abin da take so. Ya ce ai ba ta magana. A nan Inno ta sauya murya, ta zama tsohuwar: “Tana yi, da ƙahwa takan yi ta. Kai ta bakin ƙohwa ka aje, ka zamna bisa hannuwanka, ka yi kallo. Kada ka taimake ta.” Marini ya zauna a kan hannuwansa tun asuba. Hawainiya ta ɗaga ƙafa, ta fasa, ta sake ɗagawa, har ta hau zogalen bakin danga. Ta lashi raɓa a kan ganye, don ita ba ta san ruwan tasa ba. Ta shanya gefe ɗaya a hantsi, ta juya ɗaya gefen. Da rana ta yi zafi ta sulale ƙarƙashin ganye. Kafin la'asar launi bakwai sun dawo har da ƙari. Sai marini ya rushe ɗakin nan, ya kewaye zogalen da zana mai huda-huda, rabi rana rabi inuwa.

Ƙanwata ta tambaya ko hawainiyar ta koya masa rini. Inno ta ce a'a, har ya mutu shuɗi yake yi, amma ya koyi zama a kan hannuwansa, kuma a garin nan babu wanda ya iya sai shi. Ta rufe da cewa baƙuwa ta tashi, mai son saura ya bi ta da gudu.

Na saci kallon Baffa. Yana ta murza hularsa. Raina ya yi fari, na ce a zuciyata Inno ta gama da shi, ta gaya masa a bar ta inda take, kada a kai ta ɗakin siminti mai lantarki. Daren nan ne kawai na yi barci mai kyau a makon.

Da safe Inno ta sa na kawo akwatin gabanta. Ta shafa shi da hannu har ta sami tsagar, ta ce a cire gilashin gefen nan gaba ɗaya da na sama. Baffa da kansa ya cire su da wuƙa, ya yanko tsohon gidan sauro ya ɗaure a gurbinsu don iska ta ratsa. Ta sa muka ajiye shi gabas da rumfa, inda hantsi ke kama rabinsa, rumfar kuma ta rufe shi kafin azahar. Ta ce in zubar da murfin gwangwanin, in tsoma tsintsiya a ruwa in yarfa wa ganye safe da yamma. Na sake dasa tafasa, na ƙara reshe ɗaya a gefen rana. Muna tsugune ni da Baffa sai ga hawainiyar ta rarrafo ta sa baki a ɗigon ruwa. Ba ta mutu ba.

Ina cikin murnar nan na ji Inno ta ce wa Inna ta wanke mata zannuwanta biyu, jibi za su tafi. Na miƙe na ce ai jiya ta ce a bar hawainiya inda take. Ta kamo hannuna, ta laluba har ta sami fuskata.

“Ban ce haka ba, uwar 'yan ji. Cewa niy yi a aje ta a ga inda za ta. Ke kin dube ni? Kunnenki ga da ke jin raɗar bayan zana, bai ji sadda nika tuntuɓe da turmi ba? So nike in ga gero ya yi kai, ko da sau guda.”

Na ji mana. Na sha jin ƙarar ƙafarta a jikin turmi da ɗan nishin da take haɗiyewa, na sha jin tafin hannunta na bin bango zuwa bayan gida. Ina ji ina kawar da kai, don na san inda maganar za ta kai. Shi kuwa Baffa nasa rabon ya samu: ashe ya shirya mata ɗakin ciki mai fanka, ya fasa, ya ba ta na bakin ƙofa mai kallon gabas, kuma ya yarda idan aka gama ita za ta faɗi ranar komowa.

Wata huɗu Inno ta yi a Birnin Kebbi. Ɗakin girki ya zama wurin girki kawai. Da kaka ta yi, fara ta ragu, zogalen ya tokare gidan sauron, na bar ƙofar akwatin a buɗe, hawainiyar ta kwana biyu tana shawara sannan ta tafi.

Yanzu ina da 'ya'ya da suka fi ni tsawo, kuma duk wanda ya ce zai yi nisa sai in ji hannuna na ƙaiƙayin rufe ƙofa, in kawo dalilai goma, duka wai don shi. A lokacin nakan tuna ba Baffa kaɗai aka yi wa tatsuniyar nan ba. Ni ma so nake yi, so na gaske, amma son da ya yarda tsohuwa ta zauna cikin duhu muddin tana kusa da ni. Ba kullum nake iya danne hannun ba. Wani lokaci dai ina iyawa.

An yi wa Inno aiki a ido ɗaya, ɗayan an ce ya wuce gyara. Gero ta rasa shi a gona, an riga an kai rumbu. Ranar da ta sauka daga mota na ruga na tsaya gabanta ina haki. Ta rufe mataccen idon da hannu, ta dube ni tun daga ƙafa har kai, ta daɗe tana kallo.

“To,” ta ce, “ashe haka kike. Muryarki ta hi ki kyawo, amma zo nan in ƙara gani.”