Masarar da ta Ci Abinci a Duhu

Har yau ban manta da ranar da masarar Mairuwa ta kusa raba ni da aikina ba. Lokacin ina sabon ma'aikaci a ɗakin gwaji, ko tabbatar da ni ba a yi ba, ina ƙarƙashin Dakta Hajiya Rabi, mai binciken yadda ganye ke kama hasken rana ya haɗa abinci.

Tsarin mai sauƙi ne. Mukan naɗe wasu ganye da baƙar takarda kwana biyu, mu bar wasu a rana, sannan mu tsinko mu kawo ɗakin gwaji. A dafa, a cire koren, a ɗiga aidin. Wanda ya sha rana yakan yi baƙi-ƙirin saboda sitacin da ya tara, wanda ya zauna a duhu kuwa ya tsaya fari. Ni aka tura gonar Baba Sale, wani manomi a ƙauyen Mairuwa, na yi naɗin, na gaishe shi a tsaitsaye, ban yi masa bayanin komai ba, don a lokacin ji nake farar rigata ta ishe ni magana.

Da muka ɗiga aidin, ganyen nan duka suka yi baƙi. Na sake zuwa, aka sake, haka dai. Dakta ta zare tabarau.

"Malam Nura, ko dai mun gano masarar da ba ta bukatar rana, ko kai ne ka cakuɗa mini lambobi. Ka san wanda na fi yarda da shi."

Ta ce in aka yi na uku, ba za ta sa hannu a takardar tabbatar da ni ba.

Karo na uku sai na koma gonar tun kafin ranar tsinka, ban sanar ba. Na tarar da takarduna jere a gindin ɗorawa, an danne su da dutse, ganye na ta shan rana abinsu. Baba Sale na zaune gefe, ko a jikinsa.

"Baba, wa ya cire?"

"Ni na cire, mi ya hwaru? Kun ɗaure ma masara ido, da mi za ta ci? Ranar da ka ce za ka zo nike maidawa, don kar ranka ya ɓaci."

Na kwashe shi a mota har gaban Dakta. Ta zauna ta yi masa bayani tiryan-tiryan, cewa so muke mu nuna ganye ba ya haɗa abinci sai da haske. Ya dube ta da tausayi.

"Hajiya, wanga abu kuke ta ƙona mai a kai? Da kun tambaye ni."

Dakta ta yi dariya har da hawaye, ta sa hannu a takardar tabbatar da ni a satin. Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin ma'aikata, kafin ku taɓa ganye ko ɗaya, ku zauna ku yi wa mai gonar bayani. Ya riga ku sanin amsar, kuma masararsa ce.