Ajiye Askar Tukuna, Kanari

Yayana mai aski ne, kuma wallahi hannunsa ba shi da na biyu a layinmu. In ya gyara maka gemu sai ka rantse sabuwar fuska aka ba ka. Aibinsa ɗaya: yana waƙa. Shagona na ɗinki yana manne da nasa, katako ne kawai ya raba mu, don haka ba labari aka ba ni ba. Muryar nan kamar ana jan tebur a kan siminti! Don tsokana aka laƙaba masa Kanari, shi kuwa bawan Allah ya ɗauka yabo ne, har ya sa aka rubuta a saman ƙofa.

Tun yana saurayi haka yake. Da waƙa yake wasa aska, da waƙa yake share gashi, da waƙa ya reni 'yarsa Auta bayan rasuwar mahaifiyarta. Amma bencin jiransa, wanda a da sai an matsa wa juna, ya fara zama wurin barcin kyanwa.

Na ce, "Yaya, waƙar nan ce ke korar mutane."

Ya ce, "Ke dai hassada! Na yi bincike. Duk wanda na tambaya cewa yake ta yi daɗi. Lasifika ma zan ɗaura a waje, kowa ya samu."

Lasifika! Har allura ta soke ni.

Ga yadda yake bincikensa. Sai ya shafa wa mutum kumfa, ya kwantar masa da kai baya, ya ɗora aska daidai maƙogwaro, sannan ya sunkuyo yana murmushi: "Maigida, ai waƙar ta ratsa ka, ko ba haka ba?" Mutumin da ko yawu yana tsoron haɗiya, me kake so ya ce? "Sosai ma!"

Ana cikin haka Auta ta dawo hutu daga jami'a, inda take karatun ƙididdiga. Da ta ga binciken da idonta, dariya ta yi har ta zauna a ƙasa cikin gashi.

Ta ce, "Baba, waɗanda suka iya jure waƙar kaɗai kake tambaya. Waɗanda ta kora suna gida, ba ka ji ta bakinsu ba. Tambayar ma ka sa mata amsa a ciki. Ga kuma aska!"

"To, malama, ke yaya ake yi?"

"Sai a zaɓo mutane ta ƙuri'a, ba waɗanda suka kawo kansu ba."

Ya bugi ƙirji. "Je ki tambayo. In suka ce ba sa so, na bar waƙa har abada."

Ni kam har rawa na taka a bayan kekena. Auta ta rubuta lambobin gidajen unguwa a 'yan takardu, ta zuba a gwangwanin maɓallaina, ta girgiza, ta ce, "Gwaggo, rufe ido ki ɗebo." Na ce a fara da gidan mai walda, na san ya tsani waƙar. Ta ce, "A'a, Gwaggo, ke ma ga taki askar." Kai, yarinyar nan! Ita ma ba ta je gidajen da kanta ba, don kowa ya san 'yar Kanari ce, za a ji kunyarta. Ƙawarta ta aika, da tambaya mara ado: me kake so a shagon, me ba ka so?

Amsoshin suka dawo. Aski, kowa ya yaba. Waƙa kuwa, wayyo! Wani direba ya ce gara ya bar gashinsa ya kai kafaɗa. Wani malamin makaranta ya ce tun da ya daina zuwa hawan jininsa ya sauka. Ina ta ƙyaƙyata dariya har da riƙe ciki, sai na lura Yaya ya daina goge madubi.

Can ya ce, "Aikinki ya yi kyau, Auta. Na yarda. Amma mutum ɗaya ce dama take cewa in ƙara, ita kuma babu lambar gidanta a gwangwanin."

Nan take na daina dariya. Na tuna matarsa zaune a kan bencin nan tana tafa masa, mu muna toshe kunne. Tausayinsa ya kama ni sosai.

Ya cika alkawari. Mutane suka dawo, kyanwa ta rasa benci. Amma ta bayan katako ba na jin komai sai ƙas-ƙas ɗin almakashi, kuma in gaya muku gaskiya, ɗinkina ma ya daina sauri.

Ranar da Auta za ta koma makaranta, ta shiga shagon da sassafe, ta haye kujerar aski ta harɗe ƙafa.

"Baba, yi mini waƙar da kake yi mini ina ƙarama."

Ya yi ta, tun daga farko har ƙarshe, har katakon yana rawa. Da ya gama, hannunsa ya kai ga aska don sabo.

Ta ce, "Ajiye askar tukuna, sannan ka tambaye ni."

Ya ajiye. "To, yaya kika ji?"

"Ba daɗi ko kaɗan, Baba. Ƙara wata."

Na buga katakon da ƙarfi na ce, "Mu biyu ne masu son ƙari!"