Kujerar da Baffa ya ja a falon ƙasa

Shekara shida ke nan da rasuwar Baffana, Malam Sule mai hula, kuma har yau idan jirgin ƙasa mai lamba D ya sauke ni a titin Grand Concourse sai na ɗaga kai na dubi tagar hawa na bakwai ta gidan da ya zauna, kamar zan hango shi yana leƙen titi. Labulen da ke tagar yanzu ma ba nasa ba ne, wani ne mai furanni. Duk da haka sai na duba. Bana dai na ce ba zan tsaya ga addu'a kaɗai ba, bari in ba masu karatu labarin wani abu da ya yi a gidan nan, wanda har yanzu nake juya shi a raina.

Baffa yayan mahaifina ne. Tun ina goye ya bar Fagge ya zo ƙasar nan, ya yi shekaru yana kasa tebur a bakin titi: hulunan sanyi da safar hannu da hunturu, lema in hadari ya haɗo, tabarau lokacin zafi. Matarsa ta riga shi rasuwa, 'ya'yansa biyu suna Kano, ni kaɗai ce jininsa a nan, ni da aikin jinya ya kawo. Da gwiwa ta ƙi, ga shi benen da yake haya hawa biyar ne babu lifta, sai aka samar masa wuri a gidan tsofaffi.

Na san akwai wanda ya riƙe baki da jin wannan. An riƙe a lokacin ma. Har a wurin suna na ji wata tana cewa Hadiza ta kai tsoho ta yar, ita da ko sau ɗaya ba ta taɓa hawa benen nan ta gaishe shi ba. To, ba asibiti ba ne. Gidan haya ne na waɗanda shekarunsu suka ja, kowa da ɗakinsa da kicin ɗinsa da makullinsa, a ƙasa kuma akwai babban falo na kowa da kowa. Na yi na yi ya dawo wurina, ya ce shi da ya ga lifta an gama magana, kuma hayaniyar yarana ta fi ta titi.

Mutum ne mai tambayar tsiya, Allah Ya jiƙansa. Da Turancinsa na bakin titi, wata bai cika ba sai da ya san wace ce 'yar Jamaika, wane ne ɗan Puerto Rico, wa ya yi aikin gidan waya, wa ya yi tuƙin bas. In na je da kwanon miyar kuka sai ya tare ni da tambaya. Me ya sa suke sa wa kare riga? Me ya sa tsohuwa mai jikoki goma take cin abinci ita kaɗai tana kallon bango? Ba da raini yake yi ba, so yake ya gane.

Abu ɗaya ne ya ƙi ganuwa gare shi. Idan wani ya rasu a gidan, sai ofis su manna 'yar takarda a gefen lifta, da sunan mamacin da lambar ɗakinsa. Bayan 'yan kwanaki a cire ta, masu fenti su shiga ɗakin, wani ya tare. Shi ke nan. Haka aka yi wa maƙwabcinsa na ƙofa da ƙofa, wani tsoho mai suna Mista Ramon, wanda kullum suke ɗaga wa juna hannu da safe. Baffa bai ma san ya rasu ba sai da ya ji ƙamshin fenti. Ran nan na same shi bai taɓa shayinsa ba. Ya ce, "Hadiza, ni ma haka za a yi mini? Takarda a jikin lifta, tsakanin sanarwar gyaran famfo da ta ranar kwashe shara?" Na ce haba Baffa, ai kana da mu. Ya ce ya sani, amma ba da mu yake kwana yake tashi ba, da waɗannan ne.

Washegari ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya sauka falon ƙasa da faranti na dabino da robobin ruwa. Ya ja kujera ɗaya ya jingina ta da bango, ya zauna, ya sunkuyar da kai. Zaman makoki yake yi wa Mista Ramon, tunda babu wani nasa da ya zo ya zauna. A nasa lissafin, duk ɗan Adam da ya ga dattijo ya yi irin wannan zama ya san abin da ake ciki, zai matso ya yi gaisuwa ya samu wuri. Ko kusa bai kawo a ransa cewa sai an yi bayani ba.

Ashe ranar ta bingo ce, wasan nan da ake kiran lamba kowa yana duba katinsa, kuma a gidan nan ba a wasa da shi. Tsofaffi suka cika falo, suka ga Mista Sule cikin fararen kaya ya yi tsit. Wasu suka ce jikinsa ne. Wasu suka ce zanga-zanga yake yi saboda hita, wato na'urar ɗumama ɗakuna, ta hawa na bakwai da ta daɗe ba ta aiki, har wani tsoho ya jinjina masa hannu. Manajar gidan ta yi masa magana, ya ɗago ya ce mata na gode, ya sake sunkuyawa. Sai ta kira ni a wurin aiki, wai in zo, Baffana ya rikice.

Wallahi da gudu na zo, kayan aiki a jikina, ina ta ƙirga cututtukan tsufa a kaina. Ina shiga na ga dabino da ruwa da farar riga, sai na gane. Haushi da dariya suka taso mini tare. Na durƙusa na ce, "Baffa, ya haƙuri?" Ya ce, "Da godiya." Sannan ya ƙara da ƙaramar murya, "Ke ce ta farko tun safe. Mutanen nan ba su da labari ne?"

Shugabar kwamitin mazauna gidan wata 'yar Jamaika ce, Misis Pearl, gajera, mai sanda, mai bakin da ko manaja tana shakkarsa. Ita ke kiran lambobin bingo. Ta dogaro ta zo ta tsaya a kanmu, ta ce in gaya mata abin da ake yi a falonta. Na yi mata bayani: a wurinmu idan mutum ya rasu, nasa suna zama kwana uku, mutane su zo su yi musu gaisuwa, a tuna shi. Ta ce to Ramon ɗan'uwansa ne? Na fassara wa Baffa, duk da ya ji. Ya ce in gaya mata bango ɗaya ne tsakaninsu, tarin juna ma suna ji. Misis Pearl ta juya ta dube shi. Can ta ce a garinsu ma ana zaman mamaci, har da waƙa da abinci, rabonta da shi tun rasuwar uwarta. Ta ce ya zauna, amma ya sani falo yana da doka, in yana son abin ya ɗore sai ya kawo shi gaban taron wata.

A rana ta biyu mutum uku suka ja kujera kusa da shi. A ta uku sun fi goma. Wata ta ce Ramon mai gasa burodi ne a da, shi ya sa ko a gidan nan asubar fari yake tashi. Wani ya ce yana da 'ya da suka ɓata tun da daɗewa. Mutumin da suka yi shekaru suna haɗuwa da shi a lifta, sai bayan ransa suka haɗa labarinsa.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Abokinsa Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi da suka yi tebur tare, ya zo har ɗaki ya yi masa faɗa, wai ina shi ina makokin wanda ba Musulmi ba. Baffa ya ce shi bai yi masa salla ba, bai ɗauki gawa ba, zama ya yi, kuma a iya karatunsa haƙƙin maƙwabci ba ya tambayar addini. Suka rabu kowa yana kan bakansa, suka kuma ci gaba da shan shayi tare.

Taron watan kuwa na raka shi, don in taya shi Turanci. Shi da bai taɓa leƙa taron kwamiti ba, ran nan ya miƙe da sandarsa ya yi jawabi. Aka yi ta cacar baki. Masu bingo suka ce ba za a kashe musu ranarsu ba, a gidan tsofaffi in aka ce sai an daina mutuwa za a yi wasa, ai an daina wasa ke nan. Gaskiyarsu ce, har Baffa ya yi dariya. Da aka ɗaga hannu, aka tsaya a kan cewa kusurwar taga ta masu zama ce, bingo kuma ya ci gaba amma a rage murya. Daga nan Baffa ya zama ɗan kwamiti na ƙarfi da yaji, har batun hita sai da ya bi aka gyara.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda mu kanmu muke yi yanzu. Rasuwa ta faru, kafin a wanke mamaci hotonsa ya zaga wayoyi, kowa ya tura addu'ar da ya kwafo daga wani, ya koma bakin aiki. Ban ga laifin kowa ba, ni ma mai aikin kwana ce, na san yadda neman hutun kwana uku yake a garin nan. Yarana suna jin Hausa sarai, amma in na kai su gaisuwa sai su tsaya a bakin ƙofa su ce sori. Ina jin Baffa ba zai yi faɗa ba. Zai karɓi wayar ya juya ta, ya tambaya ko wanda aka yi wa rasuwar yana jin sanyi a ransa in ya karanta, ko kuwa sai ya ga ƙafar mutum a ƙofarsa. Ni dai ban san amsar ba har yanzu.

A asibiti ya cika, bayan gajeriyar jinya. Aka yi masa salla a masallacinmu, aka kai shi makwancinsa a New Jersey, muka dawo muka zauna a gidana a unguwar Concourse Village. 'Yan Kano, 'yan Nijar, 'yan Zango na Gana, gida ya cika har bakin lifta. A cikin wannan hidima babu wanda ya tuna da gidan tsofaffi. Sai a rana ta uku da la'asar na je in ɗebo rigunansa da za a bayar sadaka.

Ina tura ƙofar falon ƙasa na tsaya cak. Kusurwar taga cike take. Masu sanda, masu keken guragu, har da tsohon nan da ya jinjina masa hannu. Ga faranti na dabino, Allah kaɗai Ya san inda suka samo shi, ga robobin ruwa. A jikin bango kuma ga kujera ɗaya babu kowa a kanta. Misis Pearl ta ce tun ranar da suka ji suke zaune, ba su kira ni ba don sun san ina da jama'a, amma Mista Sule ya koya musu cewa kujerar nan ta mai mamaci ce, shi ya sa suka bar ta. Ta nuna mini ita da sanda.

Na zauna. Suka taso ɗaya bayan ɗaya, mai jan ƙafa da mai turo keke, kowa ya kama hannuna ya ce, da karyayyen harshe, "Ya haƙuri?" Kwana uku ina karɓar gaisuwar Hausawa idona a bushe, ina raba abinci ina ba da umarni. A nan ne na yi kukan Baffa, kuka mai sauti, ban ji kunyar kowa ba.

Teburinsa na bakin titi wani yaron Senegal ne a wurin yanzu, bai ma san sunan Baffa ba. Rigunan sun tafi. Yawancin waɗanda suka zauna masa su ma an zauna musu. Amma na leƙa gidan a makon jiya, na tarar zaman yana nan, ya ma shiga cikin dokokin falo. Ya sauya kama: kofi ya kori ruwa, ana ajiye hoton mamaci, wani lokaci har da waƙar coci ko ta Sifaniyanci. Sababbin shigowa suna kiransa zaman Mista Sule ba tare da sun san ko wane ne ba. Da zai gani, na tabbata sai ya tambayi dalilin hoton, ya kuma ce kofin ya yi ɗaci.

Misis Pearl tana nan da ranta, ta bar shugabanci, ido ya yi rauni, bakin dai bai mutu ba. Ba ta haihu ba, danginta na Jamaika sun ƙare. Da zan tafi ta riƙe mini gefen mayafi, ta ce ta riga ta gaya wa kwamiti, in nata ya zo kada su bar kujerar nan babu kowa, akwai mai ita a Concourse Village.

Na ce mata to. Na ce kuma dabinon ni zan kawo.

Allah Ya jiƙan Baffa Sule, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba mu maƙwabtan da za su ja mana kujera.