Yatsan Goggo Jaliha

Goggo Jaliha yayar babanmu ce, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin hannuwanta da launinsu na haihuwa ba sai in zaɓe ya ƙarato. Saƙar tabarma ce sana'arta. Takan yanko ganyen fandan, wata shuka mai dogon ganye kamar kaba, ta cire masa ƙaya, ta dafa, ta shanya a kan gadar katakon da ta haɗa gidanmu da nata, sannan ta rina: kore, ruwan ɗorawa, da shunayya wadda ta fi so. A tsibirinmu, tafiyar awa biyu a kwale-kwale daga garin Semporna, ba a zaunar da amarya ranar ɗaurin aure sai a kan sabuwar tabarmar da wata tata ta saƙa.

A cikin kwale-kwale aka haifi Goggo, ba wanda ya rubuta ranar. Wannan ya sa ta yi shekara goma sha tara tana zarya gari neman katin ɗan ƙasa, ana ce mata ta kawo shaidar haihuwa. Tana da kimanin shekara arba'in da shida ya fito. Yana nan cikin gwangwanin biskit, naɗe da ƙyalle, kuma ni kaɗai take bari na taɓa, don ni ke rubuta abubuwan gidanmu a littafi. Tun daga nan ba zaɓen da ya wuce ta. Da aka fara tsoma wa masu ƙuri'a manunin hagu a tawada, sai ta lura launin tawadar ɗaya ne da shunayyarta. Saboda haka duk zaɓe takan rufe tukunyar rini wata guda kafin ranar, har hannuwanta su washe.

Shekarar da za a aurar da yayata Suraida, wakilinmu a majalisar jiha ya sauya sheƙa tare da wasu. Irinsu kwaɗi muke ce musu. Gwamnati ta kasa tsayuwa, aka rushe majalisa, aka sa sabon zaɓe shekara biyu kafin lokacinsa. Ranar da labari ya tabbata a rediyo saura kwana ashirin da uku, bikin Suraida kuma kwana huɗu bayan zaɓen. Ganyen na kan gada, ko rini bai gani ba.

Kawu Nasirun, ƙanenta, ya zo sanye da rigar jam'iyyar da kwaɗon ya koma.

"Yaya, bana dai ki huta. Ko tabarma ko ƙuri'a, ba ki da hannu huɗu."

"Wa ya ba ka rigar?"

"Mutumin da kika zaɓa bara waccan."

"Na zaɓe shi yana sanye da wata. Kai ma ka saya masa igiya ka ɗaure shi, kafin ka wanke wannan ya sake tsalle."

Ta ce ba Suraida ce ta rushe majalisa ba, don haka ba za ta zauna a tabarmar kasuwa ba. Ƙuri'ar kuwa tata ce ta ba mutumin, ya ɗauka ya kai inda ba ta aike shi ba, za ta je ta karɓo abarta. Sai ta naɗe manunin hagu da leda, ta ɗaure da roba, ta yi rini da saƙa da yatsu tara. Aikin ya yi nawa, yatsan ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen rogo. Ba mu san ledar ta huje ba sai daren jajibirin zaɓe da ta kwance ta: kan yatsan da gefen farce sun sha shunayya.

A makarantar firamare ake zaɓenmu, kuma da ƙarfe ɗaya ake rufewa, don dole akwatin ya bar tsibiri kafin ruwa ya janye. Ƙarfe takwas muna layi. Mai duba yatsu wata budurwa ce daga Tawau, shugaban rumfar kuma wani malamin makaranta, Malam Rozaimi, su biyun ba su taɓa kwana a tsibiri ba. Budurwar ta juya yatsan Goggo, ta kira shi.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji shi. "Wannan yatsan ya riga ya yi zaɓe."

Goggo ta shimfiɗa hannuwanta biyu a kan tebur. "To duba sauran, ɗana. In haka ne sau goma na yi, tun kafin ka sauka daga jirgi."

Layi ya kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce ya yarda da ita, sunanta ma ba a soke ba a takarda, amma ga wakilan jam'iyyu zaune suna kallo, kuma ba zai iya ba da ƙuri'a ga yatsa mai wannan launi ba.

"Tawadarku tana fita da lemun tsami?" in ji Goggo.

"Ba ta fita da komai sai bayan kwanaki."

"Tawa tana fita, in an matsa mata. Kada ka ba kowa ƙuri'ata."

Ba ta koma gida ba. Ta zauna a matakalar makaranta, inda duk mai shiga zai gan ta, ta aike ni na kawo lemu da toka da ɗan dutsen teku mai kaushi. Ta yi ta gurzawa. Mata masu fitowa daga zaɓe suka riƙa ajiye mata lemu har ya yi tsibi. Kawu Nasirun ya fito da yatsansa a ɗage.

"Yaya, fatar ce za ta ƙare kafin rinin. Ƙuri'a ɗaya me za ta sauya?"

"Kai da aka haifa a asibiti ba za ka sani ba. Matsa, ka tare min haske."

Ya tafi. Can sai ga shi ya dawo da ruwan kwakwa, ya ajiye gefenta.

Sha biyu da rabi ta wuce lokacin da ta miƙe. Ruwa ya fara ja da baya, mai jirgin akwati yana ta duba agogo. Yatsan ya yi ja, ya ɗan tsage a gefen farce, amma babu shunayya. Malam Rozaimi ya duba, ya nuna wa wakilan jam'iyyu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce a tsoma. Na ga yadda ta cije leɓe da tawadar ta shiga ciwon. Ta karɓi takardarta ta shiga bayan labule, ba gaggawa.

Kwaɗon ya sake cin kujerarsa, da ƙuri'u kaɗan. Ranar bikin, Suraida na zaune a kan tabarmarta mai shunayya, Kawu ya sunkuyo ya ce, "Yaya, kin ga dai wahalar banza kika sha."

Goggo ta ɗaga masa yatsan, har lokacin da tawada a kai.

"Ya ci," ta ce. "Amma ka je ka gaya masa ba da tawa ba."