Amusa Tela da Man Gindin Kasko

Kowace safiya, kafin ya taka keken ɗinkinsa, Amusa Tela yakan juya wa titi baya, ya fuskanci bango, ya shanye cokali guda na man gyaɗa. Sai ya lashe cokalin, ya soke shi a aljihun gaba, inda sauran teloli ke ajiye alli. Baƙin unguwar Kwararafa sun ɗauka wata al'ada ce ta Yarbawa. Tsofaffin unguwa sun san mafarin abin, amma ba kowa suke gaya wa ba.

Mutumin Ogbomosho ne, gajere, mai faɗin goshi. Ya zo Jos yana saurayi, lokacin da kuza ke kiran mutane daga ko'ina. Ya leƙa ramin haƙa, ya ce shi allura ta ishe shi. Wando ne gwanintarsa, bai taɓa karɓar ɗinkin mata ba, sai dai rigunan matarsa Sikirat, waɗanda yakan farke ya sake in layin bai yi masa ba.

Sun daɗe da aure, gidan kuwa shiru, babu kukan jariri. Wata shekara cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin, Ojo, yayan Sikirat, ya zo daga gida, ya ci tuwo, ya wanke hannu, sannan ya ce in Babbar Sallah ta wuce babu labari, zai dawo ya tafi da ƙanwarsa a duba ta. Wadda aka tafi da ita a duba ta, ba ta cika dawowa ba. Amusa ya san haka.

Ana nan sai ga Jang, wani dogon mutumin garin Vom da ke kusa da Jos, ya kawo sabon wando a kalmasa masa ƙafa. Aikinsa ba wa fararen ɓerayen gwaji abinci a wurin likitocin dabbobi, kuma mutum ne mai son a tambaye shi.

"Ɓera kake wa girki, Oga Jang? A gidana kyauta suke ci."

"Naka ɓarayi ne, Tela. Nawa ma'aikata ne."

Daga nan Jang ya gyara zama. Ya ce Baturensu ya ba su labarin wani sinadari, bitamin E. A ƙasar Turawa an hana ɓeraye shi, sai matan suka riƙa ɗaukar ciki yana lalacewa. Da aka ba su man ƙwayar alkama, sai ga haihuwa.

Ƙafar Amusa ta tsaya a kan keke. "Ina ake samunsa?"

"A man gyaɗa, da manja, da ganye. Cikin mai yake zama. Ka ga yadda iska ke ɓata mai, ya tsufa ya yi maƙaƙi? Haka take so ta yi wa kitsen da ke jikin mutum. Shi wannan kamar maigadi ne, shi ke tarar dukan. Amma garin gadin yakan ƙare, shi ya sa mai in ya sha wuta ya sha iska..."

Amusa bai ji ƙarshen ba. Tun daga kalmar haihuwa kunnensa ya rufe shago.

A garinsu, magani sai an dafa shi ya ƙone ya yi baƙi ake yarda da shi, wanda ya fi daɗewa a tukunya kuma shi ya fi ƙarfi. Don haka bai ko kalli sabon mai ba. Ya ɗauki kwalba ya nufi wurin Tabawa, tsohuwar da ke tuyar ƙosai a bakin layi.

"Inna, ki tara mini na gindin kasko. Baƙin nan."

"Keken naka za ka shafa wa, Tela?"

"Ni zan sha."

Tabawa ta dube shi daga hula har takalmi. "To, Allah ya ba da lafiya. Dama kwata nake ba wa, kai ka fi kusa."

Bai gaya wa Sikirat dalili ba. Ya so ya ba ta, ta ce ko gawarta ba za ta sha ba, sai ya riƙa shan rabonsa da nata. Cikinsa ya fara kiran sallah kafin ladan. Ana tsakar gwada wa akawu ƙugu sai ya ajiye magwaji ya zagaya baya da sauri, mutum ya tsaya hannu a sama yana jira. Gyatsarsa kaɗai ta kori masu zaman hira daga bencin shago. Wani direba ya mayar da wando, ya ce karnukan tasha na bin sa.

Wannan duk bai dame shi ba. Abin da ya dame shi Sikirat ce. Da ya shigo ɗaki sai ta toshe hanci ta fita bayan gida tana amai. Ta daina cin abin da aka soya. Ta mayar da tabarmarta bakin ƙofa. Amusa ya ce a ransa, ga shi tun Ojo bai zo ba ta fara tafiya.

Ana gab da Sallah Jang ya zo karɓar wandonsa. Ya ja iska, ya ga kwalbar, ya buɗe, ya rufe da sauri.

"Tela, wannan ai gawar mai ce! Maigadin da ke ciki ya daɗe da mutuwa. Ko ɓerana ba zan ba wa ba."

"Amma ka ce haihuwa."

"Na ce ɓera. Bature ma ya ce ba a tabbatar da haka ga mutum ba. Kuma mai cin miyar ganye da manja kullum kamarku, me ya rasa?"

Amusa ya zauna a kan tarin ƙyallaye. Wandon bai ɗinku ba ranar.

Bayan Sallah Ojo ya sauka da akwatin ƙarfe wanda babu komai a ciki. Suna tsaye a ƙofar shago, Amusa na neman kalmar roƙo, sai ƙamshin ƙosai ya taso. Sikirat ta dafe baki ta ruga.

"Ka gani?" in ji Ojo. "Har ciwo ka sa mata."

Tabawa ba ta ko ɗago kai daga kaskonta ba. "Ku maza biyu, da gemu da komai. Yarinyar da ta fi wata biyu tana zagaye layin nan don kada ta ji ƙamshin tuyata? Kai mai akwati, ka mayar da shi, ka dawo da zannuwan goyo."

Ojo ya gane nan take. Amusa sai da aka maimaita masa da Yarbanci.

An haifi mace, aka sa mata Taibat. Bayanta wasu sun biyo, har gidan ya zama ba a jin ƙarar keke. Jang ya yi bayani har ya gaji cewa man nan bai yi komai ba sai wanke ciki. Amusa yakan gyaɗa kai da ladabi, ya nuna yarinyar da allura, ya ce, "Oga, ga ta nan tana rarrafe." Abu ɗaya kawai ya karɓa daga karatun Vom: ya koma shan sabon mai. Ko wannan ma, Sikirat ce ta fasa tsohuwar kwalbar.

Wandon Jang kuwa yana rataye a ƙusa bayan keke. Duk zuwan da zai yi, Amusa yakan ce saura kaɗan, ya tura masa benci, ya aika a karɓo ƙosai, ya tambayi lafiyar ɓeraye ɗaya bayan ɗaya kamar surukansa. Jang yakan yi faɗa, ya ci ƙosan, ya hau motar Vom. Babu wanda ya taɓa jin ya ce a ba shi abinsa ya kai wa wani tela.

Da Amusa ya rasu, Allah ya jiƙansa, aka zo kwashe shago. Cokalin na cikin aljihun rigarsa. Sikirat ta sauke wandon daga ƙusa, ta kaɗe shi. An kalmashe ƙafa ɗaya tsaf. Ɗayar kuwa allura na soke a jiki, da zarenta.